Cikakken Bayani Kan Mutuwar Ƙaramin Baƙin Rami, Wanda Ba a Kai Ga Haihuwarsa Ba

A cikin duk abubuwan da masana fiziks suka yi wa hidima, da wuya a sami wanda aka tsara wa rayuwa dalla-dalla kamar ƙaramin baƙin rami. An san inda za a haife shi: ƙarƙashin ƙasa, zurfin kimanin mita 100, a kan iyakar Faransa da Suwizalan. An san nauyinsa ranar haihuwa, an san zafin jikinsa, an san tsawon kwanansa. An kasa ciwon ajalinsa gida huɗu, kowane gida da sunansa. An lissafa magada, an fitar wa kowa kasonsa. Har ƙara an kai a kansa, a Amurka da kuma Turai. Abu ɗaya ya rage, shi ne a gan shi, kuma masana ba su ɗauki wannan a matsayin dalilin jinkirta sauran aikin ba. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Baƙin rami dai wuri ne da aka cusa nauyi mai yawa a ɗan ƙaramin fili, har jan nauyi, wato ƙarfin nan da ke dawo da dutse ƙasa in an jefa shi sama, ya kai matsayin da ko haske ba ya iya fita. Karl Schwarzschild ne ya fara fitar da lissafinsa daga ƙa'idar Einstein, yana sojan Jamus a fagen daga na Rasha. An buga aikin a 1916, ya rasu a shekarar. Lissafin ya nuna cewa kowane abu yana iya zama baƙin rami muddin an matse shi yadda ya kamata. Rana sai an matse ta ta koma dunƙule mai kilomita 3 daga tsakiya zuwa gefe. Duniyarmu kuwa, da duwatsunta da tekunanta da duk basussukan da ake bin juna a cikinta, milimita 9 ya ishe ta.

Yadda rami ke ƙafewa

An daɗe ana ɗauka cewa baƙin rami haɗiya kawai ya sani. A 1974 Stephen Hawking, a jami'ar Kambirij, ya haɗa ƙa'idar Einstein da ta kwantum, wadda ke mulkin ƙananan ƙwayoyi, sai lissafi ya ba shi amsar da bai yi maraba da ita ba da farko, domin tana gaskata Jacob Bekenstein, wanda ya yi ta musu da shi. Amsar ita ce ramin yana da zafi. Duk abin da ke da zafi yana fitar da tururi, tururin yana tafiya da kuzari, kuzari kuwa nauyi ne a cikin wata riga. Saboda haka ramin ramewa yake yi a hankali, har ya ƙafe.

Duk wani abu mai zafi da muka sani, in ya fitar da zafinsa hucewa yake yi. Baƙin rami ya zaɓi akasin haka. Nauyinsa ya ragu da rabi, zafinsa ya ninka biyu. Zafi ya ƙaru, tururi ya ƙaru, rama ta ƙara sauri, zafi ya sake hawa. Babban rami sanyi ƙalau, ƙarami kuwa zazzaɓi, kuma babu maganin da ke sauke shi sai ƙarewar majinyacin.

Mai son ya tabbatar da wannan da idonsa zai ci karo da matsalar lokaci. Rami mai nauyin rana zafinsa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na digiri guda ba, in an ƙirga daga maƙurar sanyi. Kafin ya ƙafe sai ya yi shekaru 1 da sifili 67 a bayansa, alhali sararin samaniya gaba ɗaya shekarunsa biliyan 13.8 ne. Bai ma fara ba tukuna, domin sararin da ke kewaye da shi, mai digiri 2.7, ya fi shi ɗumi, don haka a yanzu abin da yake sha ya fi wanda yake fitarwa. Babu wata hukuma da ke ba da tallafin bincike mai irin wannan wa'adi. Dole a nemi ƙaramin rami, in kuma ba a same shi a gari ba, a ƙera.

Ragwancin jan nauyi

Sharaɗin ƙirar, kamar yadda Kip Thorne ya zayyana a 1972, shi ne a tara kuzari a cikin filin da bai wuce awon Schwarzschild ba ta kowane gefe. Hanyar da ake da ita ita ce a gwara kan furoton biyu, ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, suna gudu dab da gudun haske. Aikin na'urar LHC ke nan ta cibiyar CERN, wadda ke kwance a wani rami mai kewayen kilomita 27 kusa da Jeniba. A 2022 ta fara gwara su da ƙarfin TeV 13.6, kuma TeV ɗaya kusan nauyin furoton dubu ne in an mayar da shi kuzari.

A lissafin da aka gada, ana buƙatar abin da ake kira kuzarin Planck, wato TeV 1 da sifili 16. LHC ta gaza, amma da sau miliyan biliyan kawai. Laifin na jan nauyi ne, domin a cikin ƙarfukan da ke tafiyar da halitta babu rago kamarsa. Ɗan maganaɗisun da ake liƙawa a ƙofar firji yana ɗaga allura, duniya duka tana jan allurar ƙasa da iyakar ƙarfinta, maganaɗisun ya yi nasara. Tsakanin furoton biyu, ƙarfin lantarki ya fi jan nauyi sau 1 da sifili 36. Masana sun daɗe wannan tazara tana hana su barci.

A 1998 mutum uku, Nima Arkani-Hamed da Savas Dimopoulos da Gia Dvali, suka fito don wanke jan nauyi daga zargi. Suka ce mai yiwuwa ba ragwanci ba ne, wuraren aiki ne suka yi masa yawa. Mu fuska uku muka sani a sarari: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Tun 1921 Theodor Kaluza ya kawo shawarar ƙara ɗaya, a 1926 Oskar Klein ya ce a nannaɗe take, ta yadda wanda ya nufe ta zai dawo inda ya tashi kafin ya san ya motsa. Su Arkani-Hamed kuwa suka ce fuskokin na iya zama da yawa, kuma sun fi yadda ake zato girma. Mu da haske da duk abin da aka yi mu da shi a manne muke a kan wata shimfiɗa mai fuska uku, ba ma iya ɗaga ƙafa daga kanta. Jan nauyi kaɗai ke da izinin shiga ko'ina. Abin da ke isowa gare mu ragowa ce, bayan ya gama da sauran wuraren.

In haka ne, wanda ya matsa kusa sosai zai tarar da shi da cikakken ƙarfinsa. A fuska uku, in ka rage tazarar abu biyu da rabi, jan ya ninka huɗu. Da ƙarin fuska biyu, ya ninka 16. Da ƙarin shida, ya ninka 256. Da irin wannan hawa, kuzarin da ake buƙata don ƙera rami yana iya faɗowa daga wancan sifili 16 zuwa 'yan TeV kaɗan, wato daidai ƙarfin na'urar da ake ginawa a lokacin. An lura da wannan dace, an kuma yi farin ciki da shi.

Sai batun fuska nawa za a ƙara. In ɗaya ce, girmanta zai kai kusan tazarar duniya da rana, kuma da taurarin da ke kewaya rana sun daɗe da kai ƙorafi. An soke wannan nan take. In biyu ne, girmansu zai kai kusan milimita ɗaya ko ƙasa da haka, kuma abin mamaki, a 1998 babu wanda ya taɓa auna jan nauyi a irin wannan kusanci. Ƙungiyar Eöt-Wash ta jami'ar Washinton da ke Siyatil ta ɗauki aikin. Suka rataye ɗan faifai a jikin siririn zare, suka sa wani faifan yana juyawa a ƙarƙashinsa, suka shimfiɗa ɗan shamaki a tsakani don tare ƙarfin lantarki, suka zauna suna auna yadda zaren ke murɗewa. Shekara da shekaru suna matso da faifan, har tazarar ta kai kimanin mikromita 50, ƙasa da kaurin gashin kai. Abin da suka tarar a can shi ne dokar Newton ta 1687, tana zaune lafiya. A 1999 Lisa Randall da Raman Sundrum sun kawo wani salon, mai ƙarin fuska ɗaya tak amma lanƙwasasshiya, wanda zaren Siyatil ba ya iya kamawa.

A 2001 takardu biyu suka fito, ɗaya ta Steven Giddings da Scott Thomas, ɗaya ta Dimopoulos da Greg Landsberg. Duka suka nuna cewa in abubuwa suka faɗo yadda ake fata, LHC za ta zama masana'anta, tana fitar da baƙin rami kusan ɗaya a kowace daƙiƙa. Tun daga nan aka shiga shirin jana'iza.

Siffofin mamacin

Ramin da za a haifa a Jeniba zai yi nauyin kimanin furoton dubu biyar, daidai da ƙwaya ɗaya tak ta insulin. Faɗinsa zai gaza na furoton sau dubu goma. Zafinsa zai kai digiri 1 da sifili 15, alhali tsakiyar rana digiri miliyan 15 ne. Tsawon rayuwarsa kuwa kashi ɗaya ne na daƙiƙa in an raba ta gida 1 da sifili 26 ko 27. Haske, wanda babu abin da ya fi shi sauri, ba ya iya ƙetare furoton guda a cikin wannan lokaci.

Ya kamata a san cewa wannan tsawon rai ne. Ƙarin fuskoki suna sa rami mai wannan nauyi ya fi girma, ya fi sanyi, ya kuma fi daɗewa, in an kwatanta da takwaransa na fuska uku. Zazzaɓin ma ba ya hawa da gaggawa. Inda ramin fuska uku ke ninka zafinsa da zarar ya rasa rabin nauyi, mai ƙarin fuska shida sai nauyinsa ya ragu sau 128 kafin zafin ya ninka. Saboda haka wanda ya auna nauyin ramuka da yawa da zafinsu zai iya ƙirga fuskokin sarari daga tarkacen da suka bari. Dabarar ba ta da aibi ko kaɗan, ramukan kawai take jira.

A cikin wannan ɗan wa'adi ramin zai bi matakai huɗu, bi da bi, ba tsallake.

Na farko shi ne aski. Ramin yana fitowa ne a karkace, da kumburi da tarkacen ƙwayoyin da suka haife shi. John Wheeler ya shahara da cewa baƙin rami ba shi da gashi, ma'ana in ya natsu abu uku kawai ake iya sani game da shi: nauyi, cajin lantarki da juyi. Don haka aikinsa na farko a duniya shi ne zubar da duk abin da ya wuce waɗannan, ta hanyar igiyoyin jan nauyi da sauran tururi. Wani kaso na nauyinsa yana tafiya a nan.

Na biyu shi ne rage juyi. Da wuya ƙwayoyi biyu su haɗu goshi da goshi, yawanci gogar juna suke ta gefe, don haka ramin yana zuwa yana juyawa. Robert Myers da Malcolm Perry sun fitar da lissafin rami mai juyi a fuskoki da yawa tun 1986, shekaru 12 kafin a san za a buƙace shi a Jeniba. A wannan mataki ramin yana fifita fitar da ƙwayoyin da ke tafiya da juyinsa, har ya tsaya.

Na uku shi ne matakin Schwarzschild. Yanzu ramin ya zama dunƙule sumul, ba gashi, ba juyi, yana fitar da tururin Hawking a natse ta kowane gefe. Wannan ne matakin da aka fi rubutu a kansa, domin shi ne lissafinsa ya fi sauƙi.

Na huɗu shi ne matakin Planck, lokacin da nauyin ya sauka har ƙa'idar Einstein ta daina aiki, wadda za ta gaje ta kuma ba a gama rubuta ta ba. Wasu sun ce ramin zai tarwatse zuwa 'yan ƙwayoyi. Wasu sun ce zai bar ɗan guntu da ba ya ƙarewa. Masu ƙa'idar zare sun ce zai koma curin zare. Masu rubuta manhajojin da ke kwaikwayon mutuwar a kwamfuta, irin su CHARYBDIS da BlackMax, sun warware saɓanin cikin adalci: sun bar wa mai amfani da manhajar ya zaɓi ƙarshen da yake so kafin ya danna.

A wannan mataki ne kuma tsohuwar tambaya ke jira: bayanin abin da ya faɗa ramin, yana fitowa a cikin tururin ko ya ɓace har abada? A 1997 Hawking da Thorne sun yi caca da John Preskill cewa ɓacewa yake. A 2004, a Dabilin, Hawking ya sallama, ya biya da kundin bayanai na wasan besbol. Daga baya ya yi raha cewa da tokar littafin ya ba shi, tun da a haka bayanin ke fitowa daga rami.

Rabon gado

Tambayar da ta fi damun masu na'ura ita ce ina dukiyar za ta tafi. Tun da ramin abin jan nauyi ne, kuma yana ganin duk fuskokin, an ji tsoron zai kwashe kuzarinsa ya zuba a can inda ba mu da wakili. A 2000 Roberto Emparan da Gary Horowitz da Myers suka kwantar da hankalin jama'a. Tsawon zangon tururin da ramin ke fitarwa ya fi ramin kansa girma, don haka ba ya iya saita shi zuwa wata fuska. Abin da yake yi shi ne ƙirga nau'o'in ƙwayoyin da ke akwai, ya ba kowanne kusan daidai da ɗan'uwansa. Jan nauyi ba ya duba caji ko dangi, kuzari kawai ya sani.

A kan shimfiɗarmu nau'o'in sun haura ɗari in an ƙirga kowane launi da kowane juyi. A waje kuwa magaji ɗaya ne, girabiton, ƙwayar jan nauyi. Shi ya sa mafi yawan gadon ke zama a gida. Dangin kwak da guluwon, waɗanda da su aka gina furoton, da yake sun fi kowa yawan 'ya'ya, suna kwashe kusan kashi uku cikin huɗu. Ilektiron da 'yan'uwansa suna samun kusan kashi ɗaya cikin goma. Ƙwayar haske, wadda saboda hana ta fita ne aka kira ramin baƙi, tana tashi da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Kason girabiton yana ƙaruwa in fuskokin sun yi yawa, kuma shi in ya karɓa ba a sake ganinsa. Na'ura tana gane ya zo ne kawai in an tara abin da ya fita dama da na hagu aka ga bai daidaita ba. Akwai ma lissafin da ya nuna cewa in ramin ya harba girabiton da ƙarfi, ƙarfin harbin na iya ture shi kansa daga shimfiɗar, ya fice ana tsakiyar rabo, babu sallama.

Gaban alƙali

Labarin masana'antar ramuka ya isa kunnen jama'a ba tare da sashen ƙafewar ba. A Maris 2008 wasu mutum biyu suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Hawai, suna neman a hana kunna LHC don kada ta haɗiye duniya. A Satumba kotu ta kori ƙarar. Ba ta ce duniya za ta halaka ba, ba ta kuma ce za ta tsira ba. Cewa ta yi kuɗin da Amurka ta zuba a aikin bai kai ya ba ta hurumin sauraron maganar ba. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ma ta ƙi bayar da umarnin dakatarwa.

Amsar masana ta fi ta kotu gamsarwa. In Hawking ya yi daidai, ramin zai ƙafe kafin ya kai ga zarra mafi kusa da shi. In bai yi daidai ba, sama ta riga mu yin gwajin. Ƙwayoyi masu gudu daga sararin samaniya suna dukan iskar duniya da ƙarfin da ya wuce na LHC tun biliyoyin shekaru. A Oktoban 1991 wata na'ura a jihar Yuta ta kama guda ɗaya mai ɗauke da kuzarin kusan jul 50, ƙwaya ɗaya tilo. Masu shakka suka ce ramin da irin wannan duka ya haifa zai ratsa duniya ya wuce da gudu, na Jeniba kuwa zai iya zama. Giddings da Michelangelo Mangano suka amsa a 2008 da taurari masu tsananin cunkoso, fararen wadanni da taurarin nutiron, waɗanda za su iya tsayar da irin wannan rami komai gudunsa. Da yana ci, da ya cinye su tuntuni. Ga su nan ana kallon su.

An kunna na'urar ranar 10 ga Satumba 2008. Bayan kwana tara haɗin waya tsakanin maganaɗisu biyu ya narke, iskar hiliyom tan shida ta tsere, aka rufe fiye da shekara ana gyara. A 2016 wata 'yar dabba mai kama da tunku ta shiga tiransifoma, ta sake tsayar da ita na kwanaki. Duniya dai ta tsira, dabbar ce ta rasa ranta.

Sakamakon nema

Na'urorin kallo biyu ne ke wannan farauta: ATLAS mai tan 7,000 da CMS mai tan 14,000, duka don kama abu mai nauyin ƙwayar insulin. Sun san abin da suke nema. Karon furoton na yau da kullum yakan fesa tarkace gida biyu, ɗaya nan ɗaya can. Mutuwar rami kuwa za ta watsa ƙwayoyi goma ko fiye, kowacce da kuzari mai yawa, ta kowane gefe, kuma a cikinsu a ga ɗan kason kowane magaji. Ba abu ne da zai wuce ba a lura ba.

A Disamban 2010 CMS ta ba da sanarwar cewa ba ta ga ko ɗaya ba, kuma in suna nan nauyinsu ya wuce TeV 3.5 zuwa 4.5. Aka ƙara wa na'ura ƙarfi. A 2018 ta sake sanar da cewa ba ta gani ba, iyakar ta hau zuwa kusan TeV 10 a wasu salon lissafin. Tun 2007 ma Patrick Meade da Randall sun yi gargaɗi cewa abin da ya mutu ya bar ƙwayoyi kaɗan haka da wuya a ce yana da zafin jiki, kuma abin da za a gani, in za a gani, bai fi ƙwaya biyu ba. An nemi wannan ma, shi ma shiru.

Kada mai karatu ya ɗauka an yi asara. Zance da ba a iya ƙaryatawa ba shi da daraja a wannan fage, shi kuwa wannan an zayyana shi sosai har aka iya leƙa inda aka ce yake, aka tabbatar ba ya nan. Rashin ganinsa bai taɓa lissafin Hawking ba, domin lissafin bai dogara da ƙarin fuskoki ba. Abin da ya nuna shi ne fuskokin, in akwai su, sun fi yadda aka yi fata ƙanƙanta, kuma ba su wanke jan nauyi daga zargin ragwanci yadda aka so ba. Hawking ya sha yin raha cewa da an ga ƙaramin ramin da ya sami kyautar Nobel. Ya rasu a Maris 2018 bai samu ba, aka zana lissafin zafin baƙin rami a kan dutsen kabarinsa a majami'ar Westminster.

Yanzu CERN tana nazarin haƙa sabon rami mai kewayen kimanin kilomita 91, wanda zai ninka ƙarfin na yanzu sau da dama. In aka amince, aka haƙa, aka kunna, aka ga ƙaramin baƙin rami, za a san yawan fuskokin sarari, a kuma ga tururin Hawking a karon farko. In kuma ba a ga komai ba, za a buga hakan a mujalla, da jadawali da iyaka sabuwa, da sunayen marubuta fiye da dubu biyu da suka haɗu ba su gan shi ba.